Nasiha Ga Ɗalibi Mai Tsoron Yin Magana A Taron Masana



A nan Tamale, ɗalibi kan yi shekaru a Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992, ko a Jami'ar Fasaha ta Tamale, ya yi bincike mai amfani a kan ruwan sha ko wutar sola ko noman masara. Ranar da aka ce ya tashi a taron masana ya yi bayani, sai gabansa ya faɗi, murya ta hau rawa. Wani ma sai ya janye sunansa, aikin ya kwanta a kwamfuta, manomi a Savelugu bai amfana da komai ba.

Wannan tsoro ba abin kunya ba ne. Jiki ne ke sakin sinadarin adiranalin idan ya ji an zuba masa ido, shi ya sa zuciya ke bugawa, baki ya bushe. Annabi Musa (AS) da aka aike shi wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Allah Ya buɗa masa ƙirji, Ya warware masa ƙullin harshe, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Fara da wannan addu'a, ka gyara niyya: isar da ilimi ka zo yi, ba neman tafi ba.

Sauran maganin ka san shi tun a makarantar allo. Ba wanda ke kai hadda gaban malam bai yi tilawa ba. Maimaita jawabinka da murya kana duba agogo, sannan ka gabatar wa abokai biyu ko uku bayan sallar Isha'i, su yi maka tambayoyi. Haddace jimlolin farko. Kafin ka hau dandamali, ja numfashi a hankali. Kada ka yi gaggawa. Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta.

Abin da ya fi firgita ɗalibai shi ne tambayar farfesa. Imamu Malik, duk da iliminsa, an san shi da amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba. Kai ma ka faɗi iyakar inda bincikenka ya tsaya, ka yi godiya, ka rubuta tambayar.

'Yan uwa mata, nasihar nan har da ku. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon isar da shi, amin.