Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Makomar Tsofaffin Kwamfutoci a Nijeriya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar nan ta Ikeja da ake kira Computer Village, ko kasuwar Alaba, dukansu a Legas, ya ga yadda tsofaffin kwamfutoci ke jibge kamar buhunan gyaɗa a Kano ta dā. Waɗansu suna aiki, waɗansu gyara kaɗan suke nema, waɗansu kuwa sun mutu murus. Abin tambaya shi ne, ina waɗannan kaya suke ƙarewa, kuma wane amfani talaka zai samu daga gare su?

Batun ya ƙara girma tun ran 14 ga Oktoba, 2025, watau ranar da kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 yadda ya saba. Miliyoyin kwamfutoci masu sauran ƙarfi ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, saboda haka ofisoshi a Turai da Amurka, har da namu na gida, suna ta sauya su. Dama rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, amma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida.

Mu 'yan Nijeriya mun san zafin zama jujin wasu. A 1988 aka gano dubban ganguna na dagwalo mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci, wanda yanzu yake Jihar Delta. Wannan ta'asa ta sa gwamnati ta kafa doka mai tsanani a shekarar, kuma tana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989. Duk da haka, a 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kamar 500 na kayan kwamfuta na gwanjo suna sauka Legas kowane wata, kuma 'yan kasuwa da kansu sun ce har kashi uku cikin huɗu na iya zama tarkace.

Wanda ya fi shan wahalar wannan tarkace shi ne ɗan bola, kuma kowa ya san 'ya'yanmu na Arewa suna da yawa cikin wannan sana'a a Legas da sauran birane. Yaro zai ƙona waya don ya ciro tagulla, ya shaƙi baƙin hayaƙin roba. Zai fasa tsohon allon kwamfuta mai ƙaton ƙeya, bai san gilashinsa cike yake da dalma ba. Illar dalma kuwa ba sai an gaya wa mutanen Zamfara ba, inda a 2010 gubarta daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400.

To, amma a gefe guda akwai ƙishirwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla. Yaron ƙauye ya yi karatu, ya san amsa, amma ranar jarrabawa ce rana ta farko da hannunsa ya taɓa na'urar. Kafin ya gane inda zai danna, lokaci ya tafi. Kwamfuta goma tsofaffi a aji guda sun isa su kawar da wannan tsoro ga ɗaruruwan yara, domin koyon buga rubutu da lissafi ba ya bukatar sabuwa fil.

Hanyar farfaɗo da su ba ta da wuya. Da farko a goge duk bayanan da ke rumbun ajiyar na'urar, don kada asirin banki ko na asibiti ya faɗa hannun ɓata-gari. Tsoron wannan ne ma yake hana ofisoshi da yawa ba da nasu kyauta. Sai a kakkaɓe ƙura, a ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sa mata manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma akwai ire-irenta marasa nauyi. Daga matattu uku gwanin gyara yana iya haɗa rayayya ɗaya. Ƙungiyar Computer Aid International ta Ingila ta yi fiye da shekara 25 tana wannan aiki, tana aikawa makarantun Afirka. Masu gyara kuwa muna da su birjik, a Ikeja da titin Beirut na Kano.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Kai kwamfuta makarantar da ba wuta, ba malami, ba mai gyara, sauya wa bola mazauni ne kawai. Dole kyautar ta zo da hasken rana ko janareta, da malamin da aka horar, da alkawarin karɓar na'urar ranar da ta mutu a miƙa ta ga masu sarrafawa da hukumar NESREA ta yarda da su. An kafa wannan hukuma a 2007, kuma tun 2011 tana da dokar da ta hana shigo da matattun kayan lantarki.

Saboda haka muna kira ga bankuna, da ma'aikatun gwamnati, da jami'o'i, su buɗe ɗakunan ajiyarsu inda kwamfutoci ke shan ƙura. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari su nema wa makarantunsu, su kuma ɗauki nauyin kula da su. Allah Ya ba shugabanni ikon dubawa, amin.