StarCraft a ƙasar Gobir: daɗinsa da inda yake cizo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu buga dara a gindin bishiya a Sabon Birni ko Isa ya san cewa wasan ba na saurin hannu ba ne kawai, sai ka karanto abin da ke zuciyar abokin karawarka. Da wannan idon muka kalli StarCraft, wasan kwamfuta da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1998. Mun shafe hutun ƙarshen mako muna gwada shi a kan wata tsohuwar kwamfuta tare da wasu ɗaliban sakandare 'yan yankin.

Labarin ƙirƙirarre ne na yaƙi a sararin samaniya tsakanin al'ummomi uku. Terran 'yan Adam ne masu bindigogi da tankoki. Zerg wasu halittu ne kamar ƙwari, masu arha da yawa kamar fara. Protoss kuwa ba su da yawa, suna da tsada, amma kowane ɗaya ƙarfe ne. Bambancinsa da dara shi ne babu jiran layi: kana gini, abokin gaba ma yana gini a lokaci guda.

Daɗinsa yana cikin lissafi. Za ka fara da ma'aikata 4 da ma'adinai 50, kuɗin ma'aikaci ɗaya ke nan. Kowane 50 da ta shigo sai ka yanke shawara: ka ƙara ma'aikaci don arzikin gobe, ko ka tara don sojan da zai kare ka yau? Idan ka zuba komai a soja, talauci ya karya ka. Idan ka zuba komai a haƙar ma'adinai, a zo a same ka ba mai tsaro. Ga kuma duhun da ke rufe taswira, ba ka ganin komai sai inda mutanenka suka taka. Ɗaliban da suka fi cin nasara ba masu zafin hannu ba ne, su ne waɗanda suka riƙa tura ɗan leƙen asiri da wuri. A Koriya ta Kudu har tashoshin talabijin aka yi masu nuna gasarsa, kuma a 2019 manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta doke ƙwararrun 'yan wasa a StarCraft II, wanda ya fito a 2010.

Akwai wata riba da ba mu zata ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, kuma akwai ɗalibanmu da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Awa biyu a wannan wasan ta isa ta cire wa hannu rawa.

To amma fa ba don irinmu aka ƙera shi ba. Babu shi a waya, alhali waya ita ce kwamfutar matashin Isa. Babu Hausa a ciki. Na farkon kyauta ne tun 2017, ba ya wahalar da tsohuwar na'ura, kuma ana iya haɗa kwamfuta biyu a ɗaki ɗaya a kara. Na biyun kuwa yana neman wurin ajiya kusan gigabait 30, kuma ba ka karawa da aboki sai da intanet, ko da kuna zaune a tabarma ɗaya. Wanda ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato har da Sabon Birni da Isa, ya san abin da hakan ke nufi. Tsufa ma ya nuna: sojoji 12 kacal za ka iya zaɓa a lokaci ɗaya a na farkon, wasunsu kuma sai su riƙa karo da juna a ƙofa kamar tumaki a bakin rijiya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai daban ne. Babbar dabarar cin nasara a StarCraft ita ce ka zagaye sojojin abokin gaba, ka faɗa wa ma'aikatansa masu haƙar ma'adinai, yunwa ta ƙarasa maka aikin. Ga ɗan Koriya wannan gwaninta ce da ake yi wa tafi. A ƙasar da Alƙalawa take, inda 'yan bindiga suka hana manoma shiga gonakinsu, wasu ƙauyuka suka watse, mutane suka tsallaka Jihar Maraɗi gudun hijira, dabarar ba baƙuwa ba ce. Lokacin da aka yi wa ɗaya daga cikin ɗaliban haka, dariyar ɗakin ta ɗauke. Ya miƙa linzamin ga na kusa da shi, ya fita waje. Wasan ba ya tambayar wa aka kashe, adadi kawai yake nuna maka a ƙarshe.

Mun ci gaba bayan ya dawo, amma da sharaɗin da ɗaliban suka gindaya da kansu: soja da soja, ba a taɓa ma'aikata. Ƙwararru za su ce an ɓata wasan. Mu dai mun ga karawar ta fi tsawo, har batirin ya ƙare ba a samu gwani ba.