Yawan Aksolotul a Kwalabe Bai Tsare Shi Daga Ƙarewa Ba

Sau da yawa nakan ji masu sha'awar dabbobi suna cewa babu abin damuwa a kan aksolotul, wannan ɗan uwan kwaɗo mai siffar ƙadangare da ke zaune cikin ruwa. Hujjarsu ita ce ana kiwonsa a gidaje da ɗakunan bincike a duniya baki ɗaya, hotonsa yana kan takardar kuɗi ta peso 50 da Meziko ta fitar a 2021, har yara sun san shi a wasan Minecraft. Ban raina wannan magana ba, domin yawan nasa a hannun mutane gaskiya ne. Sai dai ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo.

Aksolotul na asali ba shi da gida a duk duniya sai tafkunan kwarin Meziko. Tafkin Chalko an janye ruwansa, na Sochimilko kuma ya koma 'yan magudanai a kudancin birnin Meziko, cikinsu har da ruwan da aka tace daga ƙazantar gari. Masu bincike sun ƙiyasta aksolotul kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998. A 2008 suka samu kusan 100, a 2014 kuma 36. Tun 2006 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kifi. An zuba karfasa da kifin kap a magudanan domin jama'a su samu abinci, da kyakkyawar niyya, sai suka hayayyafa suna cinye ƙwan aksolotul da 'ya'yansa, suna kuma rigansa ga abinci.

To, na cikin kwalaben fa? Ka duba shi da kyau: sau da yawa fari ne mai sirkin ja, da gaɓoɓin numfashi uku-uku a gefen kai suna kaɗawa kamar gashin tsuntsu. Na Sochimilko baƙi-baƙi ne, launin laka, wanda zai iya ɓuya. Yawancin na ɗakunan bincike jikokin 'yan ƙalilan ne da aka kai Paris a 1864, guda 34, aka yi ta haɗa su ya-su-ya-su. Daga baya ma aka gauraya jininsu da na wani danginsu na Amurka. Dabbar da ta shafe fiye da shekara 150 ana miƙa mata abinci cikin ruwa mai tsabta, da jini guda, ba za ta maye gurbin wadda ta san farauta a laka ba. Ko an sake ta, a wane ruwa za a sake ta?

Kuma asarar ba ƙarama ba ce. Wannan halitta in an yanke mata ƙafa sai wata ta tsiro, da ƙashi da jijiya, ba tabo. Tana gyara lakarta da wani sashe na zuciyarta. Likitoci suna neman sirrin wannan baiwa da Allah ya yi mata.

Aikin da na fi yarda da shi shi ne na Luis Zambrano da abokansa na jami'ar UNAM. Suna aiki da manoman chinampa, gonakin nan da aka gina cikin tafki tun zamanin Aztek. Ana toshe bakin ƙaramin magudani da matatar duwatsu da tsirrai, kifi ba ya shiga, ruwa ya tsarkaka, manomi kuma ya bar maganin ƙwari ya sayar da kayan lambunsa da daraja.

Don haka, ɗan uwa mai sha'awar aksolotul, in an tambaye ka halin da yake ciki, kada ka ƙirga na kwalabe. Ka ƙirga na Sochimilko.