Kaska da Bairos: Abin da Ɗakunan Gwaji Suka Gano a Jikin Ƙudan Zuma

Ire-iren bairos da ke karya amya a Turai da Amurka a yau ba baƙi ba ne. Tun a 1963 Leslie Bailey da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila suka gano bairos iri biyu masu shanye jikin ƙudan zuma. Ɗaya daga cikinsu ya ba su mamaki, domin ana samunsa a jikin ƙudan da ke yawo lafiya lau. Idan ta baki aka ba shi, sai an ɗura masa biliyoyin ƙwayoyi kafin ya mutu. Idan kuwa da allura aka sa masa a jiki, kamar ɗari sun isa. A wancan lokaci binciken bai tayar wa masu kiwo da hankali ba, don babu mai bin ƙudan zuma da allura a gona.

Mai allurar ta iso daga baya. Varroa wata 'yar kaska ce ja, da kyar ta kai kan fil, wadda asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take zaune ba tare da ta gama da su ba. Da mutane suka kai ƙudan Turai gabashin Asiya, ta tsallaka kansu, sannan cinikin sarauniyoyi da jigilar amya suka raba ta ga duniya: Amurka a 1987, Birtaniya a 1992, Ostireliya a 2022. Tana shiga ramin saƙa kafin a rufe shi da kaki, ta huda jikin tsutsar da ke rikiɗa, ta zuba mata bairos kai tsaye, ba tare da ya bi ta hanji inda garkuwar jiki ke tare shi ba. Wanda ya fi cin moriyar wannan ƙofa shi ne bairos mai nakasa fikafikai, wanda masana ke taƙaita sunansa da DWV. Ƙudan da ya kama tun yana tsutsa yakan fito da fikafikai a tattare, bai iya tashi. Wanda ya fito da fikafikai lafiyayyu ma kwanansa kan gajarta, kuma wannan ya fi illa, domin amya na bukatar ma'aikata masu tsawon rai kafin ta tsallake hunturu.

Tsibiran Hawai sun ba da hujjar da ba a iya haɗawa a ɗakin gwaji. Kaskar ta sauka a Oahu a 2007, alhali wasu tsibiran ba ta kai gare su ba. Stephen Martin da tawagarsa suka kwatanta, suka wallafa a 2012 cewa inda ta kafu, bairos ɗin ya tashi daga kusan amya 10 cikin 100 zuwa dukkansu, yawansa a jiki ya ninka sau miliyan, kuma nau'o'insa masu yawa suka ragu har ɗaya ya mamaye. Ke nan aikin kaskar ya wuce dako. Tana tace bairos ɗin, tana fifita wanda ya fi iya bin hanyarta.

Wani abu da ya dame ni a tarihin nan shi ne yadda kuskure ya daɗe a littattafai. Shekaru da dama ana koyar da cewa Varroa jinin ƙudan zuma take sha, har sai da Samuel Ramsey na Jami'ar Maryland ya nuna a 2019 cewa kitsen jikinsa take narkarwa ta tsotse. Wannan kitse shi ke aikin hanta a jikin ƙwari: yana tace guba, yana adana abinci, yana haɗa sinadaran garkuwa. Cizo ɗaya ya shigar da cuta, ya kuma lalata abin da zai yaƙe ta. A nan maganin feshi ya shigo cikin lissafi. Masu bincike a Italiya sun nuna a 2013 cewa maganin ƙwari mai suna clothianidin yana danne garkuwar ƙudan zuma, bairos ɗin ya samu damar hayayyafa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili, tare da 'yan uwansa biyu, a 2018.

Ɗakin gwajin ma yana da nasa cikas, kuma ya kamata a faɗe shi. Gwaji na gaskiya yana bukatar ƙudan da ba shi da bairos don a kwatanta, ga shi irinsa ya yi wuya a duk inda kaskar ta taka. Ƙwayoyin jikin ƙudan zuma da aka raya a kwalba a Jami'ar Minnesota a 2013 an tarar su ma suna ɗauke da DWV. Mafitar da aka samu ita ce a gina bairos ɗin daga rubutaccen tsarin halittarsa, har a liƙa masa sinadari mai ƙyallin kore don a ga gaɓar da ya fara kamawa. Duk da haka, ƙudan zuma talatin a keji suna shan ruwan sukari ba amya ba ce mai dubban ma'aikata da sarauniya da yunwa da sanyi. An ga illar gaggawa a 2007, lokacin da aka alaƙanta ɓacewar ƙudan zuma a Amurka da wani bairos da aka fara ganowa a Isra'ila. Bincike na baya ya nuna shi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba.

Maganin bairos ɗin kansa har yanzu bai kai hannun mai kiwo ba. A 2020 masana a Jami'ar Texas sun sauya halittar wata bakteriya ta hanjin ƙudan zuma don ta taimaka masa ya yaƙi DWV da kaskar, kuma ta yi aiki a ɗakin gwaji, amma sakinta a fili wata magana ce daban. Abin da ya rage shi ne kashe kaskar da magani, ita kuma tana sabawa. Bayan asarar da manyan masu kiwo na Amurka suka tafka a farkon 2025, wadda ta haura rabin amyoyinsu, masanan ma'aikatar noman ƙasar sun tarar da bairos mai yawa a matattun amyoyi, da kaska mai alamar jure wa amitraz, maganin da aka fi dogaro da shi. Gonakin almon na Kaliforniya, da ke hayar amya wajen miliyan 2 kowace Fabrairu, suna tara ƙudan ƙasar wuri guda, cuta ta yi musaya, sannan a watse da ita.

A Afirka labarin ya bambanta. An ga kaskar a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, an kuma ba da rahotonta a kudu maso yammacin Najeriya, amma ba a ga irin mace-macen Turai ba. Ƙudanmu ya fi saurin fita daga ramin saƙa, ya fi yawan tashi ya bar amyar da ta lalace, kuma ba a shayar da shi magani ba, don haka mai rauni ya mutu, mai juriya ya hayayyafa. A ganina wannan dukiya ce da mai rataye amya a kan kuka ko ɗorawa yake riƙe da ita. Hanya mafi sauƙi ta zubar da ita ita ce shigo da sarauniyoyi daga waje da sunan inganta iri, domin binciken da Lena Wilfert ta jagoranta a 2016 ya bi sawun DWV a duniya ya tarar cinikin ƙudan Turai ne ya yaɗa shi.