RAGAR JINI DA KE SANYAYA KAN BISA A BAZARA

Ƴan'uwa makiyaya na Gure, Kelle da Gidigir, a Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. To, mi ya sa rana takan kada mutum, amma akuya tana nan tana kiwonta?

Mu fara da kwaɗon tabki. A wuyansa, inda babbar jijiyar da ke kai jini zuwa kai take rabuwa, akwai wani ɗan kumburi mai ƙananan hanyoyin jini a sarƙe kamar soso. Da shi kwaɗo yake gane iskar da ke cikin jininsa ta ragu, sai ya ƙara numfashi.

Tumaki, awaki, shanu da raƙuma su ma suna da irin wannan saƙa, amma tasu a gindin ƙwaƙwalwa take, aikinta kuma daban. Jijiyar wuya in ta iso nan, sai ta rarrabu ta zama siraran jijiyoyi kamar raga. Ragar tana kwance cikin jinin da ya dawo daga hanci, wanda numfashi ya sanyaya, kamar yadda iska ke sanyaya ruwan salka. Jinin jiki mai zafi yana ratsa ragar sai ya huce kafin ya shiga ƙwaƙwalwa. In kai ya yi sanyi, bisa takan rage haki da zufa, ruwan jikinta ya daɗe. Doki da jaki ba su da wannan raga.

Ke nan hanci shi ne randar bisa. In ya toshe, sanyayawa ta ragu. Don haka:

1. Tunkiya mai yawan atishawa da majina mai kauri, tana kaɗa kai, wataƙila tsutsar hanci ce. A kai ta wurin likitan dabbobi, akwai magani.
2. Kada a ƙulle igiya tamau a wuya, tana danne jijiyoyi. A bar wurin da yatsa biyu za su shiga.
3. Kada a kora garke da gudu da tsakar rana. Tafiya rijiya ko kasuwa, a yi ta da sassafe ko da marece.
4. Bisar da ke haki baki buɗe, a sa ta inuwa, a jiƙa mata kai da wuya, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan.

Ragar tana taimako, amma ba ta maye gurbin ruwa da inuwa. Allah ya kai mu damina da bisashenmu lafiya.