Azawak (kare)

Azawak wani nau'in kare ne dogo, siriri, mai gajeren gashi, wanda asalinsa yankin Sahel ne na Afirka ta Yamma, musamman ƙasashen Nijar, Mali da Burkina Faso. Abzinawa da Fulani da sauran makiyayan yankin ne suka daɗe suna kiwonsa domin gadi da farauta. A rajistar ƙungiyar karnuka ta duniya, wato FCI, wadda aka kafa a shekarar 1911 kuma take da hedikwata a garin Thuin na ƙasar Beljiyam, lambar ƙa'idarsa 307 ce, kuma Faransa ce ƙasar da aka damƙa wa riƙon wannan ƙa'ida. Shi ya sa wani lokaci ake haɗa shi da karnukan Faransa, alhali kuwa mahaifarsa ta fi kusa da Sakkwato nesa ba kusa ba a kan Paris.

Suna

An samo sunan ne daga Azawak, wani faffaɗan kwari da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Nijar da gabashin Mali. Garuruwan yankin sun haɗa da Abalak, Tchintabaraden da Tassara a jihar Tawa, sai Menaka a ɓangaren Mali. Ƙarshen kwarin ta kudu shi ne Dallol Bosso, wanda ya gangara zuwa kogin Neja.

Turawa ne suka laƙaba wa karen sunan wannan wuri. A littattafansu sukan jera wasu sunaye a matsayin sunayensa na gida, kamar idi, oska, rawondu da wulo. Wanda ya san harsunan yankin zai lura cewa yawancinsu ba sunan wani nau'i ba ne. Idi a harshen Tamashek kare ne kawai, rawaandu kuma a Fulatanci kare ne, haka wulu a Bambaranci. Kamar dai baƙo ya nuna dabba ya tambayi Bahaushe sunanta, a ce masa "kare", shi kuma ya rubuta wannan a matsayin sunan iri. Kalmar oska ce ta fi kusa da nufin karen farauta mai gudu.

Siffa

Bisa ƙa'idar FCI, tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74 ne, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Karya kuwa santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, abin da ba a cika samu a karnuka ba. Ƙirjinsa mai zurfi ne, cikinsa a ɗame, kunnuwansa a kwance, fatarsa kuma ba ta da kauri, har ana ganin haƙarƙarinsa da ƙashin ƙugunsa. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka yunwa ce ta kama shi, amma halittarsa ce haka. Yana jure zafi ƙwarai, sanyi ne dai ba ya so.

Yana cikin karnukan da ke farauta da ido da gudu, ba da shinshina ba, irin su Sloughi na Arewacin Afirka da Saluki na Gabas ta Tsakiya. Gudunsa kan kai kusan kilomita 60 a awa ɗaya.

Rayuwarsa a Sahel

Babban aikinsa a wurin makiyaya shi ne gadi. Yana tsare zango da dabbobi daga kura da dila da baƙin da ba a sani ba, kuma yakan yi hakan ne cikin garke tare da 'yan'uwansa. Farauta ta biyo baya: zomo da barewa, a wuraren da suka rage. Abincinsa abin da masu shi ke ci ne, wato gero da nono, sai ɗan naman da ya kamo. Yana shaƙuwa da mutanen gidansa sosai, amma ba ya sakin jiki da baƙo.

Yadda ya shiga hannun Faransa

A farkon shekarun 1970 ne aka fara kai shi Turai. Na farko sun isa Yugoslabiya ta hannun wani jami'in diflomasiyya, wasu kuma sojoji da ma'aikatan Faransa da suka yi aiki a tsofaffin ƙasashen da ta raina ne suka koma gida da su. Da farko an ɗauke shi a matsayin wani reshe na Sloughi, sai a farkon shekarun 1980 aka ware shi ya zama nau'i mai zaman kansa. Ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, ta amince da shi cikakkiyar amincewa a shekarar 2019.

Ba shi kaɗai ne haka ta faru da shi ba. Coton de Tuléar ɗan Madagaska ne, amma shi ma Faransa ce ke riƙe da ƙa'idarsa. Har cikin karnukan da ake kira na Faransa kai tsaye akwai masu tushe a waje: kakannin Bouledogue français daga Ingila suka zo a tsakiyar ƙarni na 19 tare da masaƙan Nottingham, Caniche kuwa Faransa da Jamus sun daɗe suna jayayya a kan asalinsa. Saboda haka ƙasar da aka rubuta a rajista sau da yawa tana nuna wanda ya fara rubuta ƙa'ida ne, ba inda kare ya fito ba.

Taƙaddamar launi

An rubuta ƙa'idar Faransa ne bisa 'yan karnuka kaɗan da suka isa Turai. Ta amince da launin yashi har zuwa ja, mai zane ko mara zane, da fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. A Sahel kuwa ana samun baƙi da toka-toka da mai dabbare-dabbare. Ma'ana, kare na iya zama haifaffen Abalak, iyayensa da kakanninsa duk na can, amma a hana shi shiga gasa a Faransa saboda launinsa bai dace ba. Ƙa'idar AKC ba ta yi wannan togaciya ba, kowane launi ta karɓa. Masu sukar tsarin Turai na ganin taƙaita launi na ƙara rage yawan karnukan da ake haɗawa, a irin da tun farko daga tsiraru aka faro shi, wanda hakan kan jawo cututtukan gado. Wannan suka tana da ƙarfi, domin makiyayi ƙwazo yake dubawa, ba launin ƙafa ba.

A ƙasar Hausa

Daga Tawa hanya ta gangaro ta Birnin Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato, daga nan ta wuce Dogon Daji da Tambuwal ta nufi Jega. A wannan yanki na kudancin Sakkwato, har zuwa Kebbe, mafarauta kan fita daji da karnuka da rani bayan an kawar da amfanin gona. Cikin karnukansu akwai dogaye sirara masu kama da Azawak, sai dai kama ba ta isa a kira su da sunan ba, tunda karnukan Sahel sun daɗe suna cuɗanya da juna kuma ba a ajiye musu rajistar zuriya. Mafarauta dai karen farauta suke ce musu. Ta fuskar addini, malaman mazhabar Malikiyya sun halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi ko gona, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, idan an ambaci sunan Allah.