Agogon Jiki da Agogon Kamfani a Ƙasar Uraniyom

Makiyayin Dannet yana kwanciya bayan Isha'i, ya tashi da asuba, kamar yadda kakanninsa suka yi. Ɗan'uwansa da ya sami aiki a Arlit kuwa jadawalin kamfani ne ke faɗa masa lokacin rufe ido. Tun da SOMAIR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978 da raminta na Akouta mai zurfin kusan mita 250, injuna ba sa hutawa, mutane ne ke karɓa-karɓa: yau aikin safe, gobe na dare. A cikin ramin, azahar da tsakar dare duk fitila ɗaya ce ta riƙa haska su.

Abin da irin wannan rayuwa ke yi wa jiki, kimiyya ta daɗe tana bin sawunsa. A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta, akwai wani ɗan gungu mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Ido na kai masa labarin haske, shi kuma ya ba da umarnin sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi. A 1984 aka ware ƙwayar gadon da ake kira period daga jikin ƙudan 'ya'yan itace, aikin da ya kai Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young ga lambar Nobel a 2017. Sun nuna cewa wani furotin yana taruwa da dare, ya narke da rana, zagaye ɗaya cikin kimanin awa 24, kuma irin wannan agogo yana bugawa har a hanta da hanji. Wanda ya sauko daga aiki da ƙarfe shida na safe, ya ci tuwo, ya kwanta rana na dukan kwanon ɗaki, yana neman barci ne a lokacin da dukan jikinsa ya shirya wa tashi.

Sakamakon bai tsaya ga hamma da jan ido ba. Bincike ya danganta doguwar aikin dare da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. A 2007 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suke jawo kansa, ta sake tabbatar da haka a 2019. A Arlit hankali ya tafi ne kan tururin uraniyom da ƙura da ruwan sha, kuma da hujja: ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta sha fama a kai, aka kuma kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadez a 2011. A ganina barci ya cancanci gurbi a wannan lissafi, domin mutum ɗaya ne ya shaƙi ƙurar, ya kuma kwana a tsaye.

Da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka koma gida, amma dare bai dawo wa garin ba. Akwai direbobin manyan motoci a kan hanyar Tahoua, masu tafiyar dare don gudun zafi. Akwai masu haƙar zinariya da suka kwarara arewa tun 2014, wasunsu da tramol suke korar gajiya. Ga fada, ga shayi mai kauri har ƙarfe biyu, ga hasken waya a fuska. Sai uban gayya, zafi. Wani bincike na 2022 kan mutum 47,000 a ƙasashe 68 ya gano cewa daren da ya wuce digiri 30 yana rage barci da kimanin minti 14, kuma tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe matalauta sun fi jin jiki. Duk wanda ya kwana a Arlit a watan Mayu, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, zai ce lissafin nan an yi masa sassauci.

To ina gadon halitta ya shigo? Ya shigo, amma kada a ɗora masa kayan da ba nasa ba. A 2001 Ying-Hui Fu da Louis Ptáček sun gano canji a ƙwayar PER2 cikin wani dangi a Utah ta Amurka, masu jin barci tun da magariba, su farka kafin asuba. A 2009 suka gano wani a DEC2 mai sa awa shida ta wadaci mai shi, sai dai irinsu tsiraru ne ƙwarai. Yawancin masu cewa "ni barci kaɗan ya ishe ni" bashi kawai suke tarawa. A 2019 nazarin mutum miliyan 1.3 ya samo wurare 202 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da rashin barci, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan da wani ke jure aikin dare, abokin aikinsa ya rame.

Gurguntar binciken ita ce mutanen da aka auna a wancan nazari 'yan asalin Turai ne. Ga shi kuwa Nijar ta taɓa shiga fagen: likitan Faransa Alain Buguet ya auna barcin mutane cikin zafin Yamai a shekarun 1980. Yanzu da gwamnati ta mayar da SOMAIR hannunta a Yunin 2025, tsara jadawalin aikin dare, da sanyaya ɗakin da ma'aikaci zai kwana da rana, da tambayarsa yadda yake barci ranar gwajin lafiya, duk sun koma wuyan 'yan ƙasa.